Babur Mai Baki Biyu

Babur ɗin na Yayana ne. Ya saye shi tun yana masinja a ofishin gona, lokacin muna Jihar Sakkwato, kome ƙanƙantar takarda sai an kai ta can an sa mata hannu. Da shi ya zagaye ƙauyukan fadama, daga Ambursa har Augie, yana kai irin shinkafa da saƙon malaman gona. Kafin ya zo hannuna ya riga ya tsufa. Jan fentinsa ya koma kalar ƙasa, sirdinsa kuma ni na ɗinka masa sabuwar riga da ragowar tamfol, domin ni tela ne, shagona yana bakin kasuwar Birnin Kebbi.

Ciwon ido ne ya kawo babur hannuna. Yaya ya fara gani dishi-dishi, aka yi na asibiti, aka yi na gida, abin bai tsaya ba har ganin ya tafi gaba ɗaya. Ya ajiye aiki. 'Yan'uwa suka ce ya sayar da babur, ya ce a'a. Wata safiya ya aika aka kira ni daga shago.

Ya ce, "Auta, kai ad da ido, ni ad da babur. Sai ka koya."

A filin Gesse ya koya mini, tun wurin yana gonaki ba a yi gidajen nan ba. Ni a gaba, shi a baya, hannunsa a kafaɗata. In ya ɗan buga kafaɗar, in ƙara giya. In ya matse ta, in sassauta. Da kunne yake tuƙin, kuma kunnen bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ɗiyarsa ta fari tana aure a Argungu, can ne kuma garin mahaifiyarmu. Kusan kowace Juma'a sai mun tafi. Mu yi salla, mu ci abinci gidan ɗiyar, sannan in kai shi bakin gulbi ya zauna wurin tsofaffin abokansa masunta, su yi ta gardama har la'asar ta yi sanyi. Sau ɗaya muka taɓa zuwa a mota, ran da tayar babur ta fashe. A tasha yaron mota ya ce, "A kamo makahon nan a sa shi baya." Da muka sauka, wata mata mai kyakkyawar niyya ta kama hannunsa ta sa masa sadaka a tafi. Ya yi mata godiya. Da muka dawo gida bai ci tuwo ba. A kan babur kuwa, tun daga bakin gari ake ɗaga masa murya, "Mai babur, barka da isowa!" Sai ya ɗaga hannu yana kiran kowa da sunansa. Babur ɗin nan shi kaɗai ya rage masa da ke fitar da shi daga ɗaki da mutuncinsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar muke duba mai. Matarsa ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ni kuma in turo babur kusa da gwiwarsa. Ba ya gajiya da maimaita mini karatun.

"Wanga babur baki biyu gare shi. Na bisa, ƙarƙashin sirdi, jariri na, sai koko mai ruwa-ruwa. Man nan shi ka bin hetur su ƙone tare, hayaƙin da kake gani shi na. Na ƙasa, kusa ga ƙahwarka ta dama, na giya na. Nan mai zama shikai, ba ya ƙonewa. Wanga tsoho na, shina son kunu da ɗan kauri."

Da giyar ta fara kuka saboda shekaru, ya sa na riƙa sayo mata mai wanda ya ɗan fi na da kauri, kukan kuwa ya ragu. Yakan shafa cikin injin ya ce, "Tsoho sai da kauri." A duk karatun, wannan maganar ce kaɗai ta zauna mini a kai.

Matarsa abokiyar wasata ce, ba ta barin mu mu gama lafiya. Tana tankaɗe tana cewa, "Ɗiyan malam guda, kullum zancen man giya! Allah shi jiƙan Malam mahaifinku, bai ga wanga zamani ba."

In ce, "Matarmu, ke za mu hwara ba ki ɗanɗana, in ya yi daɗi mu zuba."

Ta ce, "Tahi can, tela mai gajeren zare."

Yaya doka ɗaya gare shi. Babu man da zai shiga babur sai ya bi ta hannunsa. A lokacin a kwalabe ake sayar da baƙin mai a bakin hanya, wasu kuma sukan gauraya shi da wanda aka juye daga mota. Sai in ɗiga masa a ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya buɗe su a hankali ya ji yadda yake ja, ya kai hanci. Wani lokaci ya ce, "Zuba." Wani lokaci ya ce, "Mai da musu, wanga ya taɓa aure." In ɗauki kwalba in koma, mai sayarwa yana hararata, ni ina jin kunya.

Kunyar ba a nan ta tsaya ba. Hanyarmu ta fita gari tana bi ta gaban tasha, inda direbobin manyan motocin albasa masu zuwa Kurmi, wato Kudu, suke zama. Babur ɗinmu hayaƙi gare shi, shuɗi, yana bin mu kamar jela. Da sun hango mu sai su fara.

"Ga kaskon turare nan tahe!"

"Babur mai direba biyu! Mai ido ba ya ji, mai ji ba ya gani!"

Yaya dariya yake yi ya mayar musu da wadda ta fi tasu. Ni kuwa ina da ƙuruciya a lokacin, abin yana cina. Ina ganin ni ke riƙe da kan babur, amma kowa ya san ba ni ke tuƙi ba.

Cikin direbobin akwai wanda nake yi wa ɗinki. Wata rana ya zo karɓar riga, zance ya kai ga babur, na ce masa mai kauri nake nema domin injin ya tsufa. Ya ce in dai kauri ne in bar nema. Ya kai ni wurin motarsa, ya cika mini gwangwani da man giyarta kyauta.

Ya ce, "Wanga shi ka kai mu Kurmi da lodi mu dawo. In bai riƙe kaskonku ba, babu mai riƙe shi."

Bai san babur ba, ni ma ban faɗa masa baki biyu gare shi ba. Na karɓa ina murna. Na ce a raina, idan ɗan kauri ya rage kukan giya, kauri sosai zai kashe kukan ya kashe hayaƙin, in huta da bakin tasha. Ina so in yi wa Yaya abin kirki, wannan gaskiya ne. Ina kuma so sau ɗaya a ce dabarar tawa ce, wannan ma gaskiya ne.

Alhamis ɗin nan maƙwabta sun ja shi gaisuwar mutuwa. Na turo babur zaure, na juye man da ke bakin sama, na juye na ƙasa, na cika su duka biyun da na direba. Da ƙyar yake sauka, kamar zuma, yana wari kamar tafarnuwar da ta kwana a ruwa. Na goge ko'ina tsaf, na ɓoye gwangwanin a bayan buhun ƙaiƙayi.

Da ya dawo aka shimfiɗa masa tabarma kamar kullum. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya miƙo yatsunsa.

Na ce, "Na riga na duba, Yaya. Ka huta."

Hannun ya ɗan tsaya a iska. Sannan ya mayar da shi kan cinyarsa, ya sauke hannun rigar.

Ya ce, "To."

Na tsufa yanzu, na manta fuskokin mutane da yawa, amma ina ganin hannun nan yana komawa.

Washegari garin ya tashi da sanyi, an yi ruwa, fadama ta yi kore shar. Babur ya tashi lafiya, domin akwai sauran tsohon mai a cikin siririn tiyon da ke kai shi inji, ni ban san da wannan ba. Giyar dai ta yi tauri, sai na danna da ƙarfi take shiga. Muka wuce tasha, hayaƙin ya ragu, na ɗaga kai. Muka wuce Ambursa, mata suna cire ciyawa a cikin shinkafa. Can sai na ji bakinsa kusa da kunnena.

"Auta, ban ji warin hayaƙi ba."

"Ai na gyara, Yaya."

"Mi kag gyara?"

"Sai mun isa in hwaɗa maka."

Muka ɗan ƙara gaba. Ya matse kafaɗata.

"Tsaya. Muryatai ta bushe."

Na ce za mu rasa salla, na ƙara wuta. Ban yi nisa ba ƙarfin babur ya faɗi, wani ƙara ya taso kamar ana goga wuƙa a dutse, tayar baya ta kafe tana jan ƙasa.

Ya yi tsawa, "Kama kuloci!"

Na damƙe shi. Tayar ta saku, muka gangara gefen hanya muka tsaya a gindin wata tsamiya. Da bai yi tsawar nan ba, da a kwalta za a tsince mu.

Ya sauka da kansa. Ya laluba ya ɗaga sirdi, ya kwance murfin bakin sama, ya tsoma yatsa. Ya murza. Yatsun suka manne, man yana ja tsakaninsu kamar ƙaro. Ya kai hanci.

"Man giyar babbar mota. Wa yab ba ka?"

Na faɗa masa. Na ƙara da cewa, "Kai kac ce tsoho sai da kauri."

Ya sake murza yatsun. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, dariya ta ƙwace masa, ya zauna a ƙasa yana yi har da hawaye.

"Tela! Kekenka na ɗinki, ran da yat tsuhwa man kaɗe za ka zuba mai?"

Ni da nake ɗiga wa kekena mai kamar ruwa kowace safiya, na sunkuyar da kai. Ya bayyana mini a hankali. Ɗan famfon da ke tura mai cikin inji ƙarami ne, ba ya iya jan mai kauri, balle da sanyin safiya. Tun da tsohon man ya ƙare, injin a bushe yake gudu. Na ba jariri tuwo, ya kasa haɗiya.

Da injin ya huce, ya ɗora tafinsa a kai ya bar shi, kamar mai jin goshin yaro marar lafiya. Dariyar ta tafi.

Ya ce, "Ya buga."

Wani manomi mai amalanken shanu ya gane shi tun daga nesa, ya ce, "Masinja, kai na?" Shi ya ɗauke mu da babur zuwa Ambursa, daga nan wata a-kori-kura ta mayar da mu gida. Ranar ba mu ga Argungu ba.

Bakanike ya buɗe injin ya nuna mini. Fistin ɗin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya narke ya manne da gidansa. Ya ce irin wannan babur an daina kawo shi, kayansa sun yi wuya, in haƙura.

Yaya bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya koma ɗaki. Da farko yana fitowa zaure da hantsi, daga baya ya bari. Na ce mu tafi a mota, ni zan biya kujerar gaba, ya ce Allah shi yi albarka, jikinsa ba ya so. Ɗiyarsa ta zo ta kwana biyu ta koma tana kuka. Matarsa ta daina yi mini wasa. In na shigo ta ce sannu, ta ajiye mini ruwa, shi ke nan. Wata rana ina fita ta biyo ni zaure.

Ta ce, "Ya bar tambayar wace rana ta."

Na rufe shago na shiga nema. Na je Sakkwato na bi layin masu kayan babur, kowa ya juya tsohon fistin a hannu ya girgiza kai. Na tono tarin ƙarafa a Argungu, na aika Jega, na bar saƙo wurin direbobin Kurmi. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, aka fara dashen albasa, ban samu ba. Duk wannan ban faɗa wa Yaya ba. Ina so in shigo wata rana in ajiye masa fistin a hannu, in ga fuskarsa.

Matarsa ce ta gan ni na dawo daga wata tafiyar, ƙafafuna sun yi futu-futu. Ta ce ina na je, na faɗa mata duka.

Ta dube ni ta ce, "Shi mai babur ɗin, ka tambaye shi?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Abin da na yi da mai shi nake sake yi, ban lura ba.

Na shiga ɗakinsa na durƙusa. Na ce, "Yaya, na nemi fistin ko'ina ban samu ba. Ina zan nema?"

Ya tashi zaune. Ya ce, "Ina da ina kat tahi?" Na lissafa masa. Ya ce, "Wahala dai. Tahi Augie." Ashe tare suka sayi babur da wani abokin aikinsa, iri ɗaya. Shi abokin ya faɗa rami da nasa shekarun baya, gaban ya lanƙwashe, amma injin bai taɓu ba, kuma mutum ne da ba ya yar da kome. Ya kwatanta mini gidan, bayan rumfunan albasa, akwai kurna a ƙofa. Yana kwatance muryarsa tana dawowa.

Na sami dattijon, na sami babur ɗin a bayan rumbu, kaji sun mai da shi wurin kwana. Da na faɗi wanda ya aiko ni, ya ce in kwance abin da nake so in tafi, in kuma ce wa masinja har yanzu shi ya fi shi iya tuƙi.

Wannan karon ban kai babur gareji ba. Na roƙi bakanike ya zo gida. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, duk ƙarfen da za a ɗaura sai an sa wa Yaya a hannu ya shafa. Suka wanke bakin sama da fetur, suka busa tiyon, suka juye na ƙasa har ya tsane. Bakaniken ya so ya yi sauri, Yaya ya ce masa, "Ɗana, wa ka koran ka?"

Da aka zo mai, na kawo kwalabe daga wurare daban-daban na jera a gabansa. Ya naɗe hannun riga. Na ɗiga na farko.

"Wanga ya taɓa aure."

Matarsa daga bakin murhu ta ce, "Kamar mai sayo shi, wa ka ba shi budurwa?"

Na ji wasan nan har cikin ƙirjina. Na ce, "Matarmu, ke dai ci gaba da hura wuta."

Ya zaɓi mai ruwa-ruwa na bakin sama, ya zaɓi mai ɗan kauri na ƙasa. Sannan ya ce in kawo yatsuna. Ya ɗiga mini wannan a dama, wancan a hagu, ya riƙe hannuwana ya ce in rufe ido in murza. Na murza. Bambancin a fili yake, ko yaro zai ji. Shekaru ina tsaye a kansa yana yi, ban taɓa sa yatsana ba.

Shi ya zuba da kansa. Ni na riƙe mazurari, ina cewa, "Ƙara, ƙara, ya isa."

Juma'ar da ta biyo muka fita. Ya ce sabon fistin ba a gaggauta shi, don haka a hankali muka tafi, masu keke suna wuce mu. Hayaƙin ya fi na da yawa. A gaban tasha direbana ya miƙe tsaye yana ihu.

"Kasko ya tashi! Tela, ina man da nib ba ka?"

Yaya ya ce, "Yana nan, mun aje ma ka shahwa ga ƙahwa!"

Tasha ta ɗauki dariya, ni ma na yi.

A bakin Argungu wani mai faci ya fara hango mu. Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, "Mai babur! Ina ka shiga?" Na ji hannun Yaya ya bar kafaɗata ya tashi sama.

Mun yi 'yan shekaru muna wannan tafiyar kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai ga ranar da aka ba mu jiha ba. Farar rigar da na sa a Juma'ar da muka fara fita da sabon fistin ta dawo da shaidar yatsunsa a kafaɗar dama, domin da safen sai da ya sake tsoma yatsa a bakin sama kafin mu hau. Iyalina ta wanke da sabulu, ta wanke da toka, bai fita ba. Ta ce in ba ta ta yanka ta yi wa yara tsumma. Na ce ta bar mini kayana.